Karatun Taswirar Tudu da Kwari: Misali Daga Ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayanin yadda ake nuna tsaunuka da kwarurruka a bisa taswira, da yadda mai karatu zai fitar da siffar ƙasa daga cikin layukan da ke kan takarda. An zaɓi yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, don ta zama misali. Dalili kuwa shi ne, a nan ne tsofaffin duwatsun tsakiyar Nijeriya suke ƙarewa, su nutse a ƙarƙashin wani babban kwari wanda ya miƙa har gindin duwatsun Azbin a cikin Sahara.

Abin da takardar ke son tabbatarwa guda ne. Babban aikin taswirar tudu da kwari shi ne ta gaya mana inda ruwa zai bi idan ya sauka, da inda zai kwanta. A wannan yanki kuwa sanin haka ya shafi rayukan mutane da dukiyoyinsu. Amma fa taswira tana da iyaka, kuma inda ta yi shiru, kalmomin da manomi Bazamfare ke kiran ƙasarsa da su suna iya cike gurbin.

2.0 Taswirar Tudu da Kwari

Taswira iri-iri ce. Akwai wadda ke nuna iyakokin mulki, akwai ta hanyoyin mota, akwai ta yawan ruwan sama. Wadda muke magana a kanta ita ce mai nuna hawa da gangarar ƙasa tare da gulabe da garuruwa da dazuzzuka. Ita muka kira taswirar tudu da kwari.

Galibin irin waɗannan taswirori na Arewacin Nijeriya an zana su ne daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama a shekarun 1950 da 1960. Ofishin Safiyo na Tarayya a Legas da na Jihar Arewa a Kaduna su suka yi aikin, da taimakon hukumar safiyo ta ƙasashen waje wadda Ingila ta kafa a 1946. An ɗauki wata turka kusa da Minna ta zama tushen auna matsayin kowane wuri, tsayi kuwa ana ƙirga shi daga fuskar teku a Legas.

2.1 Ma'auni

Abu na farko da mai karatu zai duba shi ne ma'aunin da aka rubuta a gefen takarda. Wadda aka fi amfani da ita wajen aikin fili ita ce mai ma'aunin 1:50,000. Ma'anar wannan ita ce, santimita 2 a bisa takarda daidai take da kilomita 1 a ƙasa. Kowace takarda tana ɗauke da fili mai kimanin kilomita 27 a kowane gefe. Garuruwan nan uku suna jere ne kusan a kan layi ɗaya, ɗan arewa kaɗan da digiri 12, Anka a gabas, Bukkuyum a tsakiya, Gummi a yamma. Tsakanin Anka da Gummi kimanin kilomita 90 ne a miƙe. Ke nan sai an jera takardu da dama gefe da gefe kafin a ga yankin gaba ɗaya.

2.2 Layin Tsayi

Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasa kuwa ba haka take ba. Dabarar da masu safiyo suka yi ita ce zana layuka masu launin ruwan ƙasa, kowane layi yana bi ta wuraren da tsayinsu ya yi daidai. Wannan shi muka kira layin tsayi.

Alal misali, a ɗauka akwai dutse a tsakiyar tafki. Ruwa ya taso ya tsaya, ya bar shati a jikin dutsen. Ya ƙara tasowa da ƙafa 50, ya bar wani shatin. Haka har ya rufe dutsen. Idan ruwan ya janye, aka leƙo dutsen daga sama, za a ga zobba, ƙarami cikin babba. Waɗannan zobba su ne layukan tsayi. A tsofaffin takardunmu masu ma'aunin 1:50,000 tazarar layi da layi ƙafa 50 ce, watau kimanin mita 15.

2.3 Ƙa'idojin Karatu

Akwai ƙa'idoji huɗu waɗanda in an riƙe su, sauran aikin sabo ne.

Ta farko, idan layuka suka matsu, wurin yana da hawa mai tsanani. Idan suka yi nesa da juna, ƙasar kwance take. Layi biyu da ke da tazarar santimita 2 suna nuna hawan mita 15 a cikin kilomita guda, wanda mai tafiya ba zai ko ji shi a ƙafarsa ba. Idan kuwa tazarar milimita 2 ce, to hawan mita 15 ne a cikin mita 100, wanda jaki da kaya sai ya yi nishi.

Ta biyu, zobe rufaffe yana nuna tsauni. Idan an yi masa 'yan gajerun zane masu fuskantar ciki, to rami ne.

Ta uku, duk inda layin tsayi ya ƙetare ƙorama yakan lanƙwashe kamar bakin mashi, kuma tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Da wannan ake gane inda gulbi ya dosa ko da ba a sa kibiya ba.

Ta huɗu, ruwa yana gangarowa ne ya yanke layukan a miƙe, daga babban adadi zuwa ƙarami. Ƙoramar da ke ƙafewa da rani akan zana ta da shuɗin layi mai tsinkewa, fadama kuwa da alamun ciyawa.

3.0 Siffar Yankin

Idan aka jera takardun daga Anka zuwa Gummi, abin da zai fara bayyana shi ne adadin da ke kan layukan yana raguwa daga gabas zuwa yamma. Gulbin Zamfara yana bin wannan gangara, ya wuce ta Anka da Gummi da Jega, ya faɗa cikin Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Daga kudu kuma Gulbin Ka yana tafiya yamma, shi ma ya ƙare a Gulbin Sakkwato kafin a kai Kwara. Mafi yawan ƙasar ba ta kai tsayin mita 500 ba. Duk da haka siffar layukan gabas dabam take da ta yamma.

3.1 Ƙasar Anka

A gabas layukan suna da yawa, kuma siffarsu biyu ce. Akwai dogayen zobba sirara, masu kama da kokwamba, waɗanda suka jeru daga wajen arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Waɗannan tsaunuka ne na duwatsu masu fallaye, waɗanda zafi da matsi suka narka suka lanƙwasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa wannan jeri sunan Anka, kamar yadda suka raɗa wa maƙwabtansa sunayen Maru da Zuru. A cikin tsagoginsa ne ake samun jijiyoyin farar ƙanƙara masu ɗauke da zinariya, wani wuri tare da dalma.

Siffa ta biyu ita ce zobba masu kewaye, matsattsu, tsaye su kaɗai a tsakiyar fili. Waɗannan su ne kunkumin duwatsu masu santsin baya. Wanda kowa ya sani a Zamfara shi ne na Kwatarkwashi, kusa da Gusau. Ruwan da ya sauka a kan irin wannan ƙasa ba ya samun wurin nutsewa sosai, sai ya gudu da sauri. Shi ya sa shuɗɗan layuka masu tsinkewa suka yi yawa a takardun gabas, suna rassa kamar jijiyoyin ganye.

3.2 Marabar Ruwa

Tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka dole ne a sami wani doro inda ruwa ke rabuwa, wani ya yi arewa, wani ya yi kudu. Wannan shi ne marabar ruwa. Ba a zana ta a taswira. Mai karatu ne zai fitar da ita da fensirinsa. Sai ya bi kowace ƙorama zuwa mafarinta, ya sa ɗigo, sa'an nan ya ja layi ya ratsa tsakanin ɗigon ƙoramun arewa da na kudu. A ƙasar Anka da Bukkuyum wannan aiki yana da amfani ƙwarai, domin shi ke nuna garin da ke shan ragowar ruwan wani gari, kamar yadda za mu gani a gaba.

3.3 Ƙasar Gummi

Idan aka doshi Gummi sai layukan su yi ta raguwa, har a sami faffaɗan wuri a takarda babu layi ko ɗaya. Kwarin gulbi ya buɗe, gulbin kansa ya riƙa lanƙwasa, alamun fadama su yawaita. Dalili shi ne an bar tsohon dutse, an hau kan shimfiɗun yashi da tsakuwa da yumɓu waɗanda ruwa ya jibge fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Mafi tsufansu a wannan gefe shi ne wanda masana suka kira shimfiɗar Gundumi. Can gaba, wajen Jega da Birnin Kebbi, tsaunukan da ake gani masu shimfiɗaɗɗen kai ne, marmara ta rufe samansu. A taswira layukansu sukan matsu a gefe, tsakiya kuwa fili fetal, saɓanin na Anka masu zobe cikin zobe har ƙololuwa.

Wannan bambanci ya kai har ƙarƙashin ƙasa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a kan tsohon dutse sai an dace da tsaga ko ruɓaɓɓen dutse kafin rijiya ta ba da ruwa. A yamma kuwa shimfiɗun yashi suna riƙe ruwa, kamar yadda binciken Anderson da Ogilbee na 1973 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato ya bayyana.

4.0 Daga Gummi Zuwa Azbin

Shimfiɗun da suka fara a wajen Gummi ba su tsaya a iyakar Nijeriya ba. A ɗauki misalin ƙwarya wadda aka zuba wa yashi: bakinta dutse ne, cikinta shimfiɗu. Ƙasar Anka tana kan bakin ƙwaryar ta kudu maso gabas. Bakinta na arewa maso gabas shi ne duwatsun Azbin a Nijar, na arewa maso yamma kuma duwatsun Adrar a Mali. Masana suna kiran wannan ƙwarya da sunan Abzinawan Iwellemmeden, ɓangarenta na Nijeriya kuma shi ake kira kwarin Sakkwato. Saboda haka ya dace mu leƙa ɗaya bakin, domin a can ne ake ganin tsauni da kwarin hamada a cikakkiyar siffarsu.

A taswirorin Nijar masu ma'aunin 1:200,000, waɗanda hukumar safiyon Faransa ta zana, duwatsun Azbin sukan fito kamar manyan faifai. Mafi tsawonsu yana kan dutsen Bagzan, mita 2,022 bisa teku, alhali birnin Agadas da ke gindinsu bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Layukan sukan cunkushe a gefen kowane dutse har su kusa haɗewa. Da an sauko yamma sai a faɗa filin Irhazar, inda layuka ke nesa da juna. Kudu da Agadas akwai gangaren Tigidit, wanda ke fitowa kamar baka, layuka matse a fuskar arewa, a sake a fuskar kudu.

Abin lura shi ne, ko da yake ruwan saman Agadas ba ya kai milimita 200 a shekara, taswirar cike take da kwarurrukan gulabe. Kwarin Azawak da Dallol Bosso hanyoyi ne na tsofaffin gulabe waɗanda suka gudana zamanin da Sahara ke da damina. Kuma busasshen kwari ba ya mance aikinsa. A farkon watan Satumba 2009, ruwan da ya sauka a kan duwatsu ya biyo ƙoramar Telwa ya rushe unguwanni a Agadas. Ƙa'idar dai guda ce a baki biyun ƙwaryar: inda layuka suka matsu ruwa ke taruwa da gudu, inda suka saki nan yake bazuwa.

5.0 Abin da Ke Cikin Sanin

A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da mace-macen yara ba adadi a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, suna cikin garuruwan da abin ya shafa. Yara fiye da 400 suka rasu. Babbar hanyar gubar ita ce ƙurar da yara ke haɗiya a tsakar gida. Amma ragowar niƙan da aka wanke a kududdufai, da wanda ruwan damina ya kwashe, gangara yake bi.

Da aka zo aikin tsabtacewa, wanda ya kai Bagega a 2013, sai aka riƙa kankare saman ƙasa ana binne ta a ramuka, ana zuba sabuwa. Tambayoyin da irin wannan aiki ke tayarwa na taswira ne. Ina za a haƙa ramin da ruwa ba zai tone shi ba? Wace fadama ce ke ƙarƙashin wurin wankin? Wane gari ne ke kan ƙorama ɗaya da mahaƙa? Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba 2024. Ke nan tambayoyin nan suna nan daram.

A ɗaya gefen kuma, ruwan da ya gudu daga duwatsun gabas, a ƙasar Gummi yake sauke kayansa. Shi ne ke kawo lakar da ta sa fadamun nan suke ba da shinkafa da kayan lambu, shi ne kuma ya shiga gidajen mutane a ambaliyar watan Agusta 2024. Wanda ya dubi faɗin kwarin a taswira zai gane cewa dukkan filin da ke tsakanin layin tsayi na wannan hayi da na wancan, gadon gulbi ne, ko da ya yi shekaru bai kwanta a kansa ba.

6.0 Iyakar Taswira

A nan ne ya kamata mu yi hattara. Tazarar ƙafa 50 ta isa ta nuna tsaunin Anka, amma ba ta isa ta nuna abin da ke raba gidan da ruwa ya ci da wanda ya tsira a Gummi ba, domin wannan bambanci na mita 1 ne ko 2. Wurin da taswira ta bari fari, kamar babu kome, shi ne wurin da aka fi bukatar bayani.

Haka kuma takardun sun tsufa. Garuruwa sun faɗaɗa, tungaye sun tashi, gulbi ya sake hanya. Wanda ya gwada matsayin da wayarsa ta ba shi da na tsohuwar takarda zai ga saɓanin da ya kusa mita 100, domin tushen awon ba ɗaya ba ne. Awon tsayin ƙasa da kumbon Endeavour na Amurka ya yi a watan Fabrairu 2000 ya rage wahala, tun da yana ba da tsayin kowane murabba'i mai mita 30. Duk da haka kuskurensa yakan kai mita da dama, wanda a fadama ba ƙaramin abu ba ne. Sunaye ma sun sha wuya: an rubuta Bukkuyum Bukwium, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a takardun.

Manomi kuwa ya daɗe da rarrabe abin da layin tsayi ya kasa. Tudu shi ne inda ruwa ba ya kwana. Jigawa tudu ce mai yashi, ta gero da gyaɗa. Fako ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ke zamewa a kanta. Fadama ita ce inda ruwa ke kwanciya ya bar damshi har rani. Akwai kwazazzabo, inda ruwa ya yanke ƙasa, da mashigi, inda ake ƙetare gulbi, da magama, inda ƙorama biyu suka haɗu. Kowace kalma daga cikin waɗannan bayani ce a kan halin ruwa a wurin, kuma an gwada ta damina bayan damina. Sunayen garuruwa da unguwanni masu ɗauke da Tudun ko Hayin ko Kwarin ko Gangaren su ma awo ne, ba da ƙafa ba, da ƙwarewar mazauna.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda layin tsayi ke aiki, da yadda yake rarrabe tsaunukan Anka da filayen Gummi, da yadda yankin yake a bakin wata babbar ƙwarya wadda ɗaya bakinta ke Azbin. Mun kuma ga cewa dalma da ambaliya duk gangara suke bi. Bisa ga wannan, ga shawarwari uku.

Na farko, sassan nazarin Hausa da na labarin ƙasa a jami'o'inmu su zauna tare su daidaita kalmomin karatun taswira, domin waɗanda aka yi amfani da su a nan gwaji ne, ana maraba da gyara.

Na biyu, a tattara kalmomin siffar ƙasa na Zamfarci daga bakin manoma da masunta da makiyaya, tare da wurin da kowace ke nuni, tun dattawan da suka san tsofaffin hanyoyin ruwa suna raye. Rashin tsaron da ya addabi yankin ya sa wannan aiki ya zama na gaggawa, domin garin da ya watse, sunayen gonakinsa sukan watse tare da shi.

Na uku, a roƙi Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da Gwamnatin Jihar Zamfara su sabunta takardun kwarin Gulbin Zamfara da tazara ƙarama, a rubuta sunaye bisa ƙa'idar rubutun Hausa, a kuma sa alamar fadama da fako da jigawa kamar yadda mazauna suka nuna. Idan aka yi haka, ɗalibin Gummi zai iya ɗora yatsansa a kan takarda ya nuna wa mahaifinsa inda ruwa zai tsaya, mahaifin kuma ya gyara masa.